Hasken da Edita Ya Ƙara

Auta na guga a falo Yaya ya faɗo gidan yana dariya har da riƙe ciki, ya miƙa mata waya.

"Duba aikin angonki. Yau duk gari wannan sitikar ake turawa."

Ta duba. Fuskar wani ƙaton mutum ce, baki a buɗe, hawaye sun jiƙe gemu, an rubuta a ƙasa: idan budurwa ta ce a'a. Ta san fuskar. Makanikin nan ne mai gareji a bakin titi, wanda ko direbobin manyan motoci ba sa ɗaga masa murya. Ta kuma san inda aka samo hoton.

Baba shi ne muƙaddamin zawiyar unguwar. Duk Juma'a da yamma muridansa kan taru a zauren gidan su yi zikiri, kuma tun ba a haifi Auta ba dokar ɗaya ce: a rufe tagogi, a kashe fitila, don wanda kuka ya zo masa ya yi abinsa ba idon kowa. Ita ta lallaɓa Baba ya bar saurayinta, wanda ake kira Edita saboda aikinsa na tace bidiyo, ya ɗauki zikirin domin muridan da ke nesa. Baba ya yarda ne don ya san duhu zai rufe fuskoki. Shi kuwa Edita da ya zauna gaban kwamfuta ya ga hoto baƙi ƙirin, sai ya yi abin da hannunsa ya saba yi kullum: ya ƙara haske. Bidiyon na fita, wani ya yanko fuskar makanikin ya mai da ita sitika.

Juma'ar da ta biyo baya makaniki bai zo ba. Da aka watse, Baba ya sa aka kira Edita, Auta na laɓe bayan labule. Baba ba mai faɗa ba ne, kuma abin da ke sa a ji tsoronsa ke nan.

"Na goge bidiyon, Malam," in ji Edita. "Wallahi gyara na yi niyya. Mutane ba sa tsayawa kallon abu mai duhu."

"Na sani. Amma bawan Allahn nan ba don a kalle shi ya zo ba. Shekara da shekaru ina lallashinsa kafin ya tako zauren nan, kai kuma da yatsa ɗaya ka fitar min da shi." Baba ya gyara zama. "Maganar sa rana a ajiye ta. Ka dawo min da mutumina tukuna."

Gida ya rabu biyu. Yaya cewa yake Baba ya tsananta.

"Bidiyon nan fa ya kawo sababbin mutane. Jiya har baƙi suka zo tambayar lokacin zikiri. Saboda mutum ɗaya za a rusa aure?"

"Mutum ɗayan da ka fi kowa yi wa dariya?" in ji Umma, ta ci gaba da yankan albasarta.

Auta ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Tana son Edita, tana jin haushinsa, tana jin haushin kanta, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne ta san Baba ne da gaskiya.

Edita ya je gareji da haƙuri a baki, makaniki ya nuna masa hanya da sifana. Ya rubuta dogon saƙo, ba amsa. Ya zo wa Auta da dabara.

"Zan yi sabon bidiyo in nemi afuwarsa, kowa ya gani—"

"Wato ka sake haska shi?" ta katse shi. "Kai komai sai da 'yan kallo? Ka bar wayar nan a gida. Ka je ka zauna, ko zagi ne ka karɓa."

Haka aka yi. Kullum ya tashi aiki sai gareji, ya zauna kan tsohuwar taya. Da farko ko sallamarsa ba a amsawa. Daga baya aka fara ce masa miƙo wancan, sai ya miƙo wanda ba shi ba. A nan ya ga abin da kwamfuta ba ta nuna masa ba: yadda direba zai shigo yana ƙunshe dariya, yadda makaniki zai shige ƙarƙashin mota ya daɗe bai fito ba. Duk wanda ya ɗaga sitikar, Edita kan tashi ya ce shi ne ya yi ɓarnar, ya roƙe shi ya goge. Wasu su goge, wasu su ƙara da shi a dariyar. Wata ya wuce, wani ya bi, Auta ta daina tambayarsa labari don amsar ba ta canzawa.

Wata Juma'a kafin la'asar aka yi sallama da murya mai kauri. Auta ta leƙa. Makaniki ne cikin fararen kaya, Edita a bayansa da baƙin mai a farce.

"Malam, roƙo na zo yi," in ji makaniki bayan sun gaisa. "A taimake ni a yi wa yaron nan aure. Ya hana ni sakat, ga shi har yau bai san birki da kuloci ba."

Baba ya dube shi da kyau. "Kai ka yafe?"

"Abin da ya fita ya fita, ba zai dawo ba. Amma na ga ya ɗauki rabonsa na kunyar, bai bar min ni kaɗai ba."

Baba ya juya ga Edita. "Ka ji ko? Ba duk abin da idon kyamara ya gani ne naka ba. Abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, rufe shi ake yi. Ka turo manyanka."

"Ai ga ni," in ji makaniki. "Ni zan shige masa gaba."

Auta ta saki labule, ta zauna a ƙasa. Umma ta dafa kanta ta ce, "Haƙurin ya biya. Tashi ki kai wa surukinki ruwa."