Jirgin Zanzibar da Asabar ɗin Todor

Ranar Laraba da la'asar, Milka tana zaune a kicin ɗinta a Belgrade tana tsince tsakuwa a cikin alkama, sai ga surukarta Zorana ta faɗo da gudu, ko rigar sanyi ba ta cire ba.

"Mama, ina Bogdan? Albishir na zo da shi!"

"Bai dawo ba. Cire min takalman nan, kin cika ɗaki da ƙanƙara."

Shekara biyu ke nan da auren Zorana da Bogdan, ɗan Milka tilo, amma ko nan da can ba su taɓa zuwa ba. Sati uku bayan biki mahaifin Bogdan ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Zorana nas ce. Ta yi jinya a asibiti, ta dawo gida ta ɗora daga inda ta tsaya, har tsohon ya cika wata biyar da suka wuce. Tun daga nan gidan ya zama sai baƙaƙen kaya da shiru.

Ta shimfiɗa takarda a kan tebur.

"Zanzibar, Mama! Ni da shi, kwana bakwai. Tun Disamba na yanki tikiti na ɓoye. Jibi Juma'a da safe jirginmu zai tashi."

Milka ta sa tabarau, ta duba takardar, ta ɗago a hankali.

"Jibi? Ke, wannan alkamar da kike gani ta kaji ce?"

"Ta slava ce? Tun yanzu? Ai sai ashirin da uku ga wata, wallahi na duba kafin in biya—"

"Bara ke nan! Tamu ba irin ta gidan ubanki ba ce da take zaune daram a rana ɗaya. Tamu Asabar ɗin waliyyi Todor ce, azumin coci take bi, azumin kuwa bikin Ista yake bi. Bana gata ce. Gata!"

Zorana ta nemi kujera ta zauna. Slava bikin waliyyin gida ne: kowane gida a nan da waliyyinsa, da ranar da ake kunna masa kyandir, firist ya zo ya yanka burodi, ya ambaci mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya a cikin addu'a. Uba ne ke gadar wa ɗa. Bana kuma Bogdan ne zai fara tsayawa a gurbin mahaifinsa. Ita kuwa sati biyu ke nan tana karɓar aikin abokan aikinta don ta tara hutu, gida sai kwana, har azumi ya kama ba ta lura ba. Ni dai ban ga abin tsine wa mutum a nan ba. Amma rashin miji ya mayar da harshen Milka reza.

Bogdan ya shigo da jakar kayan gyaran wutarsa, ya tarar da su cirko-cirko. Da ya ji abin da ya faru, ya ɗauki waya ya kira ofishin da suka sayar da tikitin. Ya daɗe yana magiya. Ya ajiye wayar ya girgiza kai.

"Sun ce ba a ɗaga ranar tafiya."

"To mu tafi mana!" in ji Zorana, hawaye suka ɓalle mata. "Kawunka ya tsaya maka bana kawai. Shekara biyu, Bogdan! Shekara biyu ina wanka da wanki da juya marar lafiya, ban taɓa cewa uffan ba. Sati ɗaya tak na roƙa, in ga rana, in ga fuskar mijina ba a bakin gadon ciwo ba!"

"Au, gori za ki yi mana?" Milka ta miƙe. "Ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba, ke kina lissafin zuwa shanya cinya a bakin ruwa! Tafi! Amma in kika sa ƙafa a jirgin nan, kada ki sa ran firist zai kira sunanki a gidan nan."

"Mama, don Allah—"

"Kai kuma rufe min baki!"

Zorana ta juya ta kafe mijinta da ido. "Sai ka zaɓa."

Ya sunkuyar da kai. "Ba zan iya tafiya ba, Zoka. Ba kuma zan hana ki ba. Kin gaji, ni shaida ne."

Da ya yi mata tsawa da ya fi mata sauƙi. Ta shige ɗaki ta zuba kaya a akwati, zuciya na ingiza ta.

Ranar Juma'a shi ya ɗauki akwatin, shi ya tuƙa ta zuwa filin jirgi cikin dusar ƙanƙara. A ƙofar shiga ya gyara mata wuyan riga.

"Ki riƙa shafa man nan, fatarki ba ta son rana. In kin sauka ki turo min saƙo."

Ta karɓi akwatin ta shige.

Jirgi ya ɗaga, Belgrade ta nutse a ƙarƙashin gajimare. Cike yake da ma'aurata, ana ta ɗaukar hoto ana shewa, kujerar gefenta ce kaɗai babu kowa. Da aka zo rabon abinci ma'aikaciyar ta tambaye ta, "Maigidan ya zaga ne? In ajiye masa nasa?" Zorana ta ce a'a, ta juya wajen taga. Awa tara ta yi haka, abincin ya huce a gabanta.

Tsibirin kuwa bai yi ƙarya ba. Ga farin yashi, ga itatuwan kwakwa, ga ruwa shuɗi har iyakar gani, iska kuma sai ƙamshin kanumfari. A ɗakin otal ta tarar an watsa furanni a kan gado, an rubuta sunanta da na Bogdan. Ta tattare su ta zuba a kwandon shara, sannan ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ta riƙe tun daga gida.

Ranar Asabar ta fita bakin ruwa, amma idonta na kan agogo. Yanzu Mama ta zuba sukari a dafaffiyar alkama. Yanzu an kunna kyandir. Yanzu firist yana hawa bene yana haki. Za a kira Bogdan, a kira Milka, a kira kawu da 'ya'yansa, a tsallake ta kamar ba ta taɓa shiga gidan ba. Sai a lokacin ta gane ba rana ta zo nema ba, mijinta ta so ta samu ita kaɗai, ga shi ta baro shi da hannunta. Tsoro ya kama ta, na gaske.

Waya ta yi ƙara. Bogdan ne.

"Zoka, an gama. Ni da firist muka yanka burodin. Ga Mama."

"A'a, Bogdan, kar ka—"

Ta jiyo ƙarar cokula da muryoyin baƙi. Sannan muryar Milka, a dushe.

"Kin ci abinci?"

"Mama, ki yafe min..."

"Tambayarki na yi, kin ci abinci? Wannan yaron kwana biyu bai ce min komai ba. Ya goge bene, ya ɗauko kujeru, ya yi min sannu. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa." Ta ja hanci. "Da firist ya ce in ba shi sunaye, na buɗe baki, sai na tuna wanda ya rufe wa maigidana ido. Ba ni ba ce, ni kasa shiga ɗakin na yi. Sunanki na fara ba shi, kafin na ɗana."

Zorana ta durƙusa a kan yashi tana kuka, masu yawon shaƙatawa na wucewa suna kallonta.

"Gobe zan nemi jirgi in dawo, Mama."

"Ki dawo ki yi min me? Zauna ki huta, ki yi barci. Na yanke miki rabonki na burodi na naɗe a tsumma."

Kwana biyar ɗin da suka rage ba su yi mata daɗi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Hutun da ta yi shekara biyu tana mafarki ya tafi a haka, ba kuma zai dawo ba. Fushin minti biyar ne ya ci shi, nata da na surukarta, don kowacce ta ga ciwonta ta manta da na 'yar'uwarta. Auren kuwa haƙurin Bogdan ne ya riƙe shi, shi da aka ce ya zaɓa ya ƙi jefar da ko ɗaya.

Ranar da ta dawo burodin ya bushe ƙamas, wuƙa ma ta ƙi shiga. Milka ta jiƙa mata shi a ruwan shayi, ta tsaya a kanta da hannu a ƙugu, ba ta gusa ba sai da Zorana ta cinye shi tas.