Ranar da Aka Rufe Tsibirai

Kasuba ta tura ƙofar ɗakin da ƙafa, ta zauna a bakin gado, ta zaro wayar da ta ɓoye a ƙugun zaninta. Hannunta na warin hayaƙi.

Gidan ya yi tsit. Mata sun ɗora tukwane a ka, sun bi ganguna zuwa gidan su Mainza a unguwar Kabwata, don su nuna wa ango irin abincin da za a riƙa dafa masa. Amarya ba ta zuwa. Nata shi ne ta tuƙa tuwon masara a gaban iyaye mata, sannan ta shige ɗaki ta jira labari. Goggo Mwansa, ƙanwar mahaifinta, ta gargaɗe ta kafin su fita cewa kar ta kuskura ta taɓa waya.

Leƙawa kawai za ta yi. Yau za a rufe Tsibirai, wasan da suke yi ta intanet.

Wasan ya girmi wasu daga cikin masu yinsa. Kasuba ta fara shi tun tana sakandare, a wani shagon kwamfuta mai warin gumi, kuma a cikinsa ta haɗu da Mainza. A wasan ita Gauraka ce, mai warkar da waɗanda aka raunata. Shi kuwa Bauna ne, ƙaton da ke tsayawa a gaba yana shan duka. Sun daɗe suna yaƙi tare kafin ta ga fuskarsa, siririn mutum mai gyaran firji, wanda ba ya iya kallon idon mace.

Sai kamfanin da ya ƙirƙiro shi, can wata ƙasa mai sanyi, ya sanar a taƙaice cewa wasan ba ya kawo riba, za a kashe shi. Tun ranar Kasuba ba ta son buɗe zauren hirar ƙungiyarsu.

Shugabansu Phiri, mai furfura da 'ya'ya huɗu, ya turo saƙon murya yana sheshsheƙa har da jan majina. Kasuba ta je jana'izar mahaifin Phiri, ba ta ga ɗigon hawaye a idonsa ba. Wasu suka tono hoton yarinyar da kamfanin ya sa ta karanta sanarwar, suka wuni suna zagin uwarta. Akwai wanda ya yi sauri ya sayar wa wani ɗan makaranta jaruminsa kafin labarin ya kai masa, ya zo zaure yana dariya, aka taya shi. Har riguna aka buga, da ranar haihuwa da ranar mutuwa, irin na zaman makoki.

Da aka gane ranar rufewar ta faɗo kan ranar kai abinci, Phiri bai ji kunya ba, ya kira Mainza ya ce a ɗaga bikin.

Maganar ta kai kunnen Goggo Mwansa, wadda dama tun farko ba ta son haɗin. Ta samu yayanta ta ce masa namijin da ke kokawa da dodannin waya ba zai riƙe gida ba, wata rana jariri zai faɗo daga gado yana can yana kare tsibiri. Da ƙyar aka lallashe ta, bayan Mainza ya yi alkawarin zai damƙa wayarsa ga kawunsa ranar, ba zai ko kalle ta ba.

Kasuba ta shiga wasan.

Bakin tashar jiragen ruwa ya cika maƙil. Kowa ya sako kayan da ya fi ji da su, ana ta harba wuta sama, ana rubuta zagi da bankwana a haɗe. Ta tsaya a gefe. Ba ta yi niyyar yi wa kowa magana ba.

Sai ta gan shi.

Bauna, a tsakiyar taro, yana tafiya.

Ta matso da wayar kusa da idonta. Shi ne, da garkuwarsa mai tsaga. A wannan lokacin da ya kamata a ce yana zaune gaban iyayenta mata, waɗanda suka kwana biyu suna girki dominsa.

A Tsibirai akwai ɗaurin alkyabba, wato auren cikin wasan. Mutum biyu sukan ɗaure, a rubuta sunayensu tare a jikin katangar tashar. Na Bauna da Gauraka ya yi shekaru a wurin, tun kafin gidajensu su san da maganar. Wani rubutu ya faɗo a saman fuskar wayar, kowa na gani.

Bauna ya kwance ɗaurinsa da Gauraka.

Kafin ta gama karantawa, na biyu ya biyo. Bauna ya ɗaura da Zuma.

Zuma ita ce Misozi, wadda ke kiran Mainza "sarkina" a zaure ta ce wasa take yi. Ranar da aka sanar da auren, kowa ya yi murna, ita dariya kawai ta turo.

Taron ya ɓarke. Mutanen da Kasuba ta yi shekaru tana tayarwa daga ƙasa suka kewaye Bauna da Zuma suna rawa. Phiri ya rubuta cewa wannan ita ce jana'iza mai daɗi. Wani ya ce a nemo Gauraka a ga fuskarta.

Saƙo ya shigo mata ita kaɗai, daga Bauna.

"Yi haƙuri. A can dole ce. A nan zaɓi ne."

Ta kira lambarsa. A kashe.

Ba ta yi kuka ba.  Ta hango shi a ranta, kai a sunkuye kamar mai ladabi, waya a ƙarƙashin mayafin da aka rufa masa a cinya, iyayenta na durƙushe a gabansa. Ta zura silifas ta fita.

Kwandastan bas ya dubi zaninta na biki da tokar da ke gwiwar hannunta, ya tambaya ko tukunya ce ta gudu take bi. 

Tun daga bakin layi ake jin ganguna. Ta ratsa rumfa, ta ratsa mata masu zane iri ɗaya, waɗanda suka fara zungurar juna. Ta ɗaga labulen falo.

Mainza na zaune kan kujera 'yar tsugunne. Hannayensa biyu suna cikin kwanon ruwa, Goggo Mwansa a durƙushe tana wanke masa su. Tukwane jere a ƙasa, wasu an buɗe, wasu a ɗaure cikin zane. Kawunsa Hamoonga na gefensa.

Kasuba ta dubi hannayen. Ta dubi wayarta. Bauna na can yana rawa.

Gangunan suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

"Me kike yi a nan?" in ji Goggo Mwansa. Ba ta ɗaga murya ba.

Kasuba ta miƙa wayar. Goggo ba ta kalli abin da ake nuna mata ba.

"Wato ke ce ke wasan."

Mainza ya leƙo. Fuskarsa ta canza.

"Misozi ce," ya ce a hankali.

A lokacin ne Kasuba ta tuna abin da fushi ya mantar da ita. Duk ɗan Tsibirai a Lusaka yana da mai riƙe masa. Wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar yaƙi, don haka kowa kan ba wani da ke wata unguwa lambar sirrinsa, ya shiga ya ƙarasa masa. Ita da Mainza layin wutarsu ɗaya, tare take ɗauke musu, ba su da amfani ga juna. Misozi kuwa gidansu na kan layin asibiti da ba a ɗauke wa wuta, shi ya sa ita ke riƙe wa Mainza.

Da waya ɗaya da kwamfuta ɗaya, Bauna a nan, Zuma a can, Misozi ta aurar da kanta.

Kunya ta rufe Kasuba daga kai har ƙafa. Amma fushin bai sauka ba.

"Yau ba a ɗauke wuta ba," ta ce.

"Na sani..."

"To me ya kai mabuɗinka hannunta?"

Ya ce ai tun da can yana wurinta. Jiya ne dai ya roƙe ta ta shiga ta tsayar da Bauna a tashar, tsayuwa kawai. Ba zai iya jure a ce an rufe duniyar nan ba Bauna a ciki ba. Bai san za ta yi haka ba, ya rantse.

"Ni me ya hana ka ba ni?"

"Ke amarya ce. An ce ba za ki taɓa waya ba."

Wata daga cikin masu ganga ta tuntsire da dariya, ta toshe baki da zane.

Goggo Mwansa ta miƙe, ta goge hannu. Ta ce ta ga aure iri-iri, amma ba ta taɓa ganin inda amarya ta biyo tukwanenta ba saboda zanen bauna ya yi rawa da zanen wata. Ta ce a da ta ɗauka mahaukacin ɗaya ne. Sannan ta juya ga matan.

"Ku rufe tukwanen."

Falon ya ɗauki sanyi. Kowa ya san abincin da ya koma gida ba ya dawowa, an fasa auren ke nan. Mahaifiyar Mainza ta zube ƙasa tana tafa hannu tana ba da haƙuri. Matan suka fara jawo marafai, ba da sauri ba.

Kawu Hamoonga, wanda bai fahimci komai ba sai cewa waya ce ta ɓata, ya zaro ta daga aljihu. Ya tambaya ko abin na gyaruwa. Mainza ya ce in ya shiga yanzu wasan zai koro Misozi, ya kwance, ya mayar da sunayen yadda suke. Akwai sauran lokaci kaɗan.

Kawun ya miƙa masa.

Mainza ya fito da hannunsa na dama daga ruwa. Kasuba ta ga yatsun suna rawa. Ta san wannan rawar. Ba don ita kaɗai ba ce. Yana so ya ga tashar sau ɗaya.

"Karɓi mana," ta ce. "Ka gyara a can. Ni kuma in bi tukwanena gida."

Ruwa na ɗiga daga yatsunsa kan siminti. Ya dubi wayar, ya daɗe yana dubanta, har Kasuba ta fara jin ƙyamar kanta da ta tsaya jira.

Ya mayar da hannun cikin kwano.

Daga nan ya zame daga kujerar, ya durƙusa gaban Goggo Mwansa, ya tafa jiƙaƙƙun hannayensa.

"Mama, laifin nawa ne. Abin da ke namu ni da ita na ba wata mabuɗinsa. Kome aka yanke mini zan ɗauka. Amma kar a kwashe."

Ya juyo.

"Kasuba, hasken idona..."

"Kar ka kira ni haka a gaban iyaye."



Wayar da ke hannunta ta yi ƙara. A tashar an fara ƙirga daƙiƙun ƙarshe. Sunan Bauna da na Zuma na sheƙi a jikin katanga, Phiri na rubuta cewa ba zai taɓa yafe wa kamfanin ba har kabari. Sai teku ya tsaya cak. Fuskar wayar ta koma toka. An katse.

Nan take saƙonnin murya suka fara zubowa a zaure, na kuka da na tsinuwa. A tsakiyarsu akwai na Misozi, ta rubuta cewa ko ba komai, ita ce ta ƙarshe a katanga.

Kasuba ta karanta. Katangar ma babu ita. Ta fice daga zauren, ta kashe wayar, ta miƙa wa goggonta da hannu biyu.

Goggo Mwansa ta karɓa kamar an ba ta mataccen ɓera. Ta dubi mutumin da ke durƙushe, ta dubi 'yar yayanta.

"Ke kika dafa. A buɗe, ko a ɗauka?"

Kasuba ta dubi ƙeyarsa. Wawa ne, wannan ba gardama. Amma lokacin da mahaifiyarta ta kwanta a asibiti, wawan nan ne ya riƙa rufe shagonsa yana jigilar abinci, ba wanda ya aike shi. Kuma ita da ta tsallaka gari da silifas ba ta da bakin kiran wani wawa.

"A buɗe," ta ce. "Amma da tukunyar soyayyar tsutsa za a fara. Ya cinye ta tas."

Mainza ya ɗago da sauri. Duk wanda ya san shi ya san ko ƙamshinta ba ya so. Ya buɗe baki, ya ga fuskarta, ya rufe.

"Zan ci," ya ce.

Goggo Mwansa ta ja tsaki mai tsawo. Ta kama Kasuba a damtse, ta tura ta wajen ƙofar kicin, ta ce wa wata ƙanwarta ta fitar da ita ta baya, ta kai ta gida ta kulle. Sannan ta gyara ɗaurin zaninta, ta bi falon da kallo, fuska bayan fuska, har kan Kawu Hamoonga.

"Amarya ba ta zo ba. Akwai wanda ya gan ta?"

Ba wanda ya gan ta.

Kasuba na tsallake kwatar bayan gida lokacin da gangunan suka sake tashi.