Tulun Injiniya

Maƙirgi ya fara lissafi da ƙarfe uku da kwata.

"Ɗaya. Biyu. Uku."

Duk tulun iskar da aka mayar mazauninsa a bayan jirgi, sai koren haske ya kama a wuyansa, muryar ta ƙara ɗaya. Murya ce mai sanyi, ba ta mace ba, ba ta namiji ba. Kallamu, mai cika tulu, yana tsugune da tiyo yana wanke kayan nutso. Bai ɗaga kai ba.

Shekara ashirin ke nan da aka jawo ruwa daga kudu aka sake cika Tafkin Chadi. Garuruwan da aka gina a busasshen ƙasan tafkin suka nutse da kasuwanninsu da masallatansu. Yanzu masu hali daga Birnin Tudu ke hawa jiragen kwana, su yi mako guda a tsakiyar ruwa, nan ci nan barci, sau uku a rana su nutsa su kalli gidajen da kifi ya gada. Jiragen ba su da matuƙi. Maƙirgi ke tuƙi, shi ke lissafin masu nutso. Kowane tulu yana da ƙwayar shaida mai ɗauke da sunan mai shi. In tuluna suka cika, anka mai riƙe jirgi ta tashi.

Tulu yake ƙirgawa. Ba mutum ba.

Bara, a wannan jirgin, wan Kallamu, Zubairu, jagoran nutso ne. Tulun wani fasinja ya toshe a zurfin mita ashirin. Zubairu ya kwance nasa ya goya masa, ya turo shi sama, shi kuma ya biyo baya da 'yar kwalbar ko-ta-kwana. Igiyar ruwa ta ja shi gefe. Aka jawo fasinjan a sume da tulu biyu, aka mayar da su mazauni. Lissafi ya cika.

Mahaifiyarsu, Inna, ita ke girki a jirgin. Ta leƙo daga kicin ta bi fuskoki da ido.

"Yaron nan bai fito ba."

"Faɗi sunan wanda bai fito ba," in ji Maƙirgi.

"Babba. Babba nake nufi."

"Babu Babba a jerina."

Zubairu ɗan fari ne. Shekara talatin da ɗaya bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Ta tsaya da ludayi a hannu, inji na kaɗawa. Sannan ta faɗi sunan, a gaban kowa.

"Tulun Zubairu yana mazauninsa," in ji Maƙirgi. "Zubairu yana cikin jirgi."

Bayan kwana huɗu masunta suka tsince shi.

A gaban kwamitin bincike, wanda ya ƙera na'urar, Injiniya Munzali, ya gyara tabarau ya ce na'ura ba ta yi kuskure ba. Matar ce ta ɓata daƙiƙa arba'in tana jin nauyin suna. Al'ada ce ta kashe yaron. Kallamu yana benci na baya, ya ji da kunnensa. Tun ranar Inna ba ta ƙara kiran sunan kowa ba, ko na akuyarta. Shi kuwa ya ajiye walda ya nemi aiki a jirgin. Ba wanda ya tambaye shi ƙanin wane ne.

Wata goma sha ɗaya yana jira.

Yau da rana aka kunna sabon Maƙirgi, da tafi da lemo. Injiniya da kansa ya zo da baƙi goma sha uku. Da su da shi da jagorori huɗu, tulu goma sha takwas za su shiga ruwa.

"Kai, mai iska," ya ce, bai dubi Kallamu ba. "Cika min nawa dam. Zan daɗe a hasumiyar masallacin nan ina ɗaukar hoto. Kuma kada wani jagora ya biyo ni, ba na son inuwa."

"An gama, ranka ya daɗe."

Baba Ari, tsohon masunci da ya koma jagora, wanda ya koya wa Zubairu nutso, yana gefe yana fama da takalmin agwagwa.

"Ka ji mutum, wai ba ya son inuwa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ruwan nan da kake gani ya ci wanda ya fi shi tabarau. Kai kuma fuskar nan taka kamar an aiko ka gaisuwar mutuwa, wa ya cinye maka kifi?"

"Ba kowa, Baba."

"To saki ranka, kar ka cika mana tulu da baƙin ciki mu shaƙa."

Aikin bai ɗauki minti biyu ba. Filaya ɗaya, ƙwaya ɗaya. Kallamu ya cire ƙwayar shaidar Injiniya ya manna ta a wuyan wani tulu na ajiya. Injiniya ya shiga ruwa da tulun da ba shi da suna. Da aka fara fitowa, ana hayaniyar tawul da hotuna, Kallamu ya dasa tulun ajiyar a mazaunin Injiniya. Haske ya yi kore.

Bai ji komai a ransa ba. Ya san jirgi ba zai motsa ba sai kowa ya fito, sai an ce goma sha takwas. Mutum ɗaya kawai za a bari. Kilomita arba'in zuwa gaɓa, ga iskar la'asar mai tada tafki.

"Goma sha uku," in ji Maƙirgi. "Goma sha huɗu. Lissafi ya cika."

Sarƙar anka ta fara ƙara.

Kallamu ya saki tiyo. Ya bi mazaunan jagorori da ido. Uku da tulu. Na huɗu wayam.

"Ina Baba Ari?"

"Ya tsaya daga nesa yana gadin Injiniya," in ji wani jagora yana tuɓe riga. "Ka san halin tsohon, ba ya barin kowa a baya. Kai, wai jirgin tafiya yake?"

Kallamu ya isa gaban allon na'urar.

"Baba Ari bai fito ba. Ari Kaka. Ga sunansa na faɗa maka."

"Sabon tsari ya cire ma'aikata daga lissafi, don rage jinkiri."

"Tsaya. Akwai mutum biyu a ruwa."

"Sabon tsari ba ya karɓar ƙorafin baki. Za a saurare ku a masauki na gaba, nan da awa uku."

Baƙi suka fara tambayar Injiniya. Wata Hajiya tana buga allon da takalminta. Wani yana kiran gaɓa ta waya, ana ce masa ai bayanai sun nuna kowa yana ciki.

A baya can, inda kan hasumiya ke leƙowa, balan-balan ja na neman agaji suka ɓullo. Guda biyu.

Kallamu ya fizgi gorar ceto daga bango ya faɗa ruwa. Inji bai rage gudu ba.

Ya yi iyo kusan rabin awa. Iska ta riga ta taso, igiyar ruwa tana marin fuska. Ya sami Baba Ari yana haki, hannu ɗaya riƙe da wuyan rigar Injiniya. Ya tura wa tsohon gorar.

"Ɗan nan, wa ya aike ka?" in ji Baba Ari. "Da ka zauna ko labarinmu ka bayar."

"Ni na jawo, Baba. Ni na canja ƙwayar."

Baba Ari ya dube shi.

Injiniya ya tofar da ruwa. Tabaransa sun tafi, idanunsa ƙanana. "Wace ƙwaya? Kai wane ne?"

"Ƙanin Zubairu."

"Wane Zubairu?"

Gorar ba ta ɗaukar fiye da mutum biyu. Kallamu ya kama ɗaya gefen ya riƙe gam. Injiniya ya miƙo hannu, Kallamu ya kauce masa da ita.

"Matsa masa," in ji Baba Ari.

"Tukuna."

Jirgin ya zama ɗan farin ɗigo a gabas. Injiniya ya bi shi da kallo, ruwa na shiga masa baki.

"Zai juyo," ya ce. "Dole ya gane. Zai juyo, ko?"

"Mu ma'aikata ne, ranka ya daɗe, ina muka sani?" in ji Kallamu. "Kai ka ƙera shi."