Fanshon Doreen da Hutun Dole

Da safiyar Litinin Doreen Haworth ta shigo ofishin 'yan sanda na Grimsby, takunkumi a fuska, takardu a hannu. Shekara talatin tana gyaran kifi a kamfanin Clive Ramsden, saura wata shida ta yi ritaya.

"Tun da annoba ta rufe mu muke hutun dole," ta ce wa Sufeto Maureen Tasker. "Kashi tamanin na albashi ake ba mu. Kowane wata ana cire haraji, ana cire fansho. Jiya asusun fansho suka rubuto, wai tun Afrilu ko fam ɗaya bai shiga ba."

Sufeto ta jera takardun albashin, ta daɗe tana dubawa. Ba mai gaggawa ba ce.

Ta sami Ramsden a kamfani, shi kaɗai cikin ƙarnin kifi.

"Ni kifi na sani, Sufeto, ban san lissafi ba," ya ce. "Akawuna Desmond ke yin albashi. Shi za ki kama."

Sufeto ta tarar da Desmond a lambun gidansa yana ba tumatir ruwa.

"Ni ma hutun dole nake. Doka ta hana ni taɓa aiki. Ban leƙa wurin ba."

"Maƙwabcin kamfani ya gan ka a Afrilu."

Ya ajiye butar. "Sau ɗaya ne. Clive ya ce in nuna masa na'urar albashi. Tsoron tara ya sa na ɓoye."

"In albashi ya ragu, me ke faruwa?"

"Haraji ya ragu, fansho ya ragu. Na'urar ke yi da kanta. Ko makaho ya zauna gabanta ba ta kuskure."

Sufeto ta koma wajen Ramsden, ta ajiye takardun albashin Doreen guda biyu a teburinsa.

"Ga ta Maris, ga ta Mayu. Albashi ya sauka, haraji ya sauka. Fansho fa?"

Ya duba. Fam sittin da biyu a duka biyun.

"Ka cire ma'aikata daga tsarin fansho a na'urar, don kada ta tura komai. Sannan ka rubuta layin da hannunka, ka kwafi tsohon adadi. Desmond ba zai yi wannan shirme ba. Gaskiya ka faɗa, ba ka san lissafi ba."

Ramsden ya zauna a hankali.

"Firji nake biya wa wuta da kuɗin. Na ce in mun buɗe zan mayar."

"Doreen ba ta da lokacin jiranka. Tashi mu je."

Da yamma Sufeto ta kira Doreen ta gaya mata, ta ce kotu za ta bi mata haƙƙinta.

"Clive?" ta ce. "Shi ya ɗauki akwatin gawar mijina fa."