Tsohuwar Gindin Ma'aunin Kogi

Ku matso, ku rage murya. Wannan abu kan Mati ya faru, ƙanen mijin Gwaggo Hansai.

Aikin Mati duba kogi ne. Hukuma ta kafa wani dogon ƙarfe mai lambobi a ƙarƙashin gada. Safe da yamma yakan je ya ga inda ruwa ya kai, ya ɗebi kaɗan a kwalba don gwaji, ya buga waya ofis. In lamba ta haura, sai a gaya wa mutanen Tungar Kwari su tashi. Can 'yarsa Ladidi take aure, har da goyo.

Wata rana cikin marka ya makara, sai da almuru ya isa. Kwaɗi duk sun yi tsit. A gindin ƙarfen ya tarar da wata tsohuwa zaune kan dutse, ƙafafunta cikin ruwa.

"Sannu, Iya. Duhu ya kawo jiki, ba kya hau tudu ba?"

"Gida nake. Kai ne mai leƙo mu kullum?"

Bakinta ya motsa, amma muryar daga ƙarƙashin ruwa ta taso. Ya dubi ƙafafun. Sun miƙe can ƙasa, bai ga ƙarshensu ba.

"Nawa ka gani yau?" in ji ta.

"Biyu da rabi."

"Gata muna da biki. Dangi za su zo, gidan ba zai ɗauke mu ba." Tana zaune ta miƙa hannu, ta dafa ƙololuwar ƙarfen. "Nan za mu kai."

Ya ce, "Iya, akwai mutane a kwari. Ki dubi Allah."

"Gani na ba ka. Ban ba ka faɗi ba."

Bai san yadda ya haura gaɓa ba. Ya kira ofis, ya buɗe baki zai ce a kwashe jama'a. Abin da ya fito: "Biyu da rabi." Suka yi masa godiya.

Da asuba ya hau babur sai Tunga. Ya riƙe hannun maigari, yana nuna kogi, yana hawaye. Biyu da rabi. Ya ɗauki biro, biron ma haka ya rubuta. Aka ce iska ce ta taɓa shi. Surukinsa, mijin Ladidi, ya mayar da shi gida, ya bar Ladidi tana jinya, shi ya koma gonarsa.

Mati ya kwana biyu ɗaure a turke, yana jiyo ƙugin kogi.

Rana ta uku Tunga ta zama tafki. Mutum goma sha ɗaya ba a gani ba, har da surukin.

A safiyar nan harshensa ya saku. Ladidi ta durƙusa gabansa.

"Baba, ashe ka sani?"

"Na sani," ya ce. Ta juya masa baya.

Don haka in aike ya kai ku gada, rana ta yi ja, kada ku sauka ku kaɗai. Wanda kuka tarar a bakin ruwa kuwa, kada ku tanka masa.