Kogin da Ke Tafiya da Baya

"Kada ka matso! Na rantse da Amun, ka ƙara matsowa zan yi ihu!"

Tuluna ya riga ya fashe a gabana. Mutumin da ke tsaye a bakin kogi ya tara gemu irin na baƙin arewa, ga tabo tun daga goshi har kunne. Amma idanun... idanun Nebseni ne.

"Tamit... 'yar'uwata, ni ne."

"Ba ni da ɗan'uwa matsoraci!"

Bakina ya faɗi haka, ƙafafuna kuwa so suke su ruga gare shi. Na rasa wanda zan bi a cikinsu.

Nebseni ne saurayina tun muna yara; a wurinmu masoya da ɗan'uwa da 'yar'uwa suke kiran juna. Da Sarki ya tara mayaƙa zuwa Naharin, can ƙarshen duniya, samari biyu aka ɗiba a ƙauyenmu, shi da Userhat. Userhat ya dawo da ƙudan zinariya a wuya, kyautar jarumta daga hannun Sarki, da baiwa guda. Ya kuma dawo da labari: da idonsa ya ga Nebseni bayan an tashi daga fama, ya ba rundunarmu baya, ya miƙe arewa wajen abokan gaba.

A makon da labarin ya zo Babana ya hana a ambaci sunansa a gidanmu. Danginsa suka sa kurfi suka kankare sunan daga kabarin kakanninsu. Ni kuwa na yi kuka har na gaji. Da shekaru suka ja, Userhat ya yi ta haƙuri da ni, ni da bakina na amsa zan aure shi. Jibi ne zan ɗauki ƙunshina in shiga gidansa.

"Ban gudu ba, Tamit. Gida na nufo."

"Gida? Ta arewa? Yaushe aka mayar da ƙauyenmu can?"

"Gatari ya same ni a ka. Da na farfaɗo ban ga kowa ba sai gawa. Ƙasar nan ba ta da rana, gajimare ne kullum, ruwa na zubowa daga sama. Sai na tuna maganarki."

"Wace maganata?"

"Ranar da za mu shiga jirgi. Kika ce, in ka ɓata, ka nemi kogi, ka nufi inda ruwa ke fitowa, ina can ina jiranka."

 Na faɗa, ban musa ba. To amma wa bai san haka ba? Ruwa daga kudu yake zuwa, arewa yake tafiya. Yaron goye ma ya sani.

"Na bi shi, 'yar'uwata. Sai dai koginsu... da baya yake tafiya. Daga arewa yake fitowa, ya kai ni hannun maƙiya, suka sa ni kiwon awaki."

Na yi dariya, dariyar da ta fi kuka ciwo.

"Shekara da shekaru kana kiwon awakin maƙiya, wannan ce ƙaryar da ka iya ƙerawa? Kogi da baya! Kifin fa, da wutsiya suke iyo?"

"Ko da rana ta leƙo ta inda ban zata ba, cewa na yi zazzaɓi ne. Na fi yarda da kogi. Na fi yarda da ke."

Sai ga masunta sun gan shi. Suka yi masa ca, suka ɗaure. Dattawa suka ce gobe za a zauna, in laifin ya tabbata a miƙa shi ga sojoji, su kai shi ramukan zinariya na Kush. Ban taɓa jin wanda ya dawo daga can ba.

A gida Baba ko kallona bai yi ba.

"Kin ji abin da ya ce ko? Bugun gatarin ya taɓa masa kai, ko kuma ya raina mana hankali."

"Baba, in gaskiya ne fa?"

"In gaskiya ne, gobe rana ta fito daga yamma! Ki ɗaure kayanki, Tamit. Kada ki zubar mini da mutunci a kan wanda ko suna ba shi da shi."

Na zauna ina naɗe zannuwa, ina warwarewa. In na rufe ido in ga tabon nan, in ce mai wannan tabo bai yi gudu ba. In na buɗe in hango koginmu ta taga, yana tafiyarsa arewa kamar yadda ya saba tun kafin a haifi kakata. Wa zan ƙaryata, kogi ko Nebseni? Kaina ya ɗaure tamau.

Da la'asar Userhat ya aiko Ashti, baiwar da ya zo da ita daga Naharin, da kwandon ɓaure. Tana ajiyewa na tuna abin da ya sa yara ke kiranta mahaukaciya. Ranar da aka sauke ta daga jirgi, tsayawa ta yi tana nuna kogi tana kuka, ba mai jin yarenta.

Na riƙo hannunta.

"Ashti, ranar nan me ya sa ki kuka?"

Ta waiga ƙofa, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Uwar ɗakina, koginku ba lafiya. Baya-baya yake."

"Namu?!"

"Naku mana. Namu daidai yake, kudu yake zuwa. Ni na ce na shigo ƙasar matattu, komai a juye."

Na saki hannunta. Wato ita namu ne a juye, shi nasu ne a juye. To wanne ne daidai? Har yau ban sani ba. Abu ɗaya na gane: Userhat ma ya sha ruwan kogin nan da bakinsa, ya dawo ya yi shiru.

Washegari aka taru a ƙofar ɗakin bautar Amun. Maganar baiwa ba ta da nauyi a gaban dattawa, ban ma kawo ta ba. Nebseni na durƙushe a ɗaure, ana ta yi masa dariya. Wani tsoho har da tambayarsa ko a can shanu ne ke tatsar mutane.

Userhat ya miƙe, ƙudan zinariya na walƙiya a ƙirjinsa.

"Abin da na gani na faɗa. Arewa ya nufa."

Ban san lokacin da na ratsa maza na tsaya a gabansa ba. Baba ya daka mini tsawa, ban juya ba.

"Userhat, tambaya ɗaya. Ka rantse da ran Sarki, kogin Naharin ina yake nufa?"

 Kowa ya san mai rantsuwar ƙarya da ran Sarki hancinsa da kunnuwansa ne a bakin wuƙa, kuma dubban mayaƙa sun ga kogin.

"Tamit, ki bari mu yi magana a gida..."

"Ina yake nufa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kudu."

Hayaniya ta kaure. Tsohon nan mai zancen shanu ya kama baki. Ni dai idona na kan Userhat.

"Ka gan shi jina-jina yana tangaɗi, ka san kuskuren da yake yi. Ka kira shi?"

"Na buɗe baki zan kira..." Ya kau da kai. "Sai na tuna ki."

Na so in tsane shi, na kasa. Mutumin nan ya share mini hawaye shekaru, hawayen da shi ya jawo. Na juya kawai na bar shi tsaye.

Aka kwance Nebseni. Dattawa suka ce a nemo mai sassaƙa ya mayar da sunan. Da na fito da ƙunshina da yamma, Baba ne ya ɗora mini a ka.

Gidan Nebseni rufin ya rufta, awakin maƙwabta sun mayar da shi nasu. Na same shi zaune a bakin ƙofa ya aske gemun, askar ta yanke shi wuri biyu.

"Ba ni da komai, 'yar'uwata. Ko tabarma."

"Na zo da ita."

Na sauke ƙunshin a cikin ɗaki. A wurinmu aure ya ɗauru ke nan. Na dawo na zauna kusa da shi, na shafa tabon da yatsana, sai ga hawaye.

"Laifina ne, ɗan'uwana?"

"Laifin koginsu ne, da bai san hanya ba."

Na yi dariya cikin kuka, na riƙe hannunsa gam.

"To ka ji sabuwar magana. Sarki zai sake kiran yaƙi, na sani. In ka sake ɓata, kada ka bi kogi, kada ka bi rana."

"In bi me?"

"Ka zauna inda kake. Ni zan zo."