Kwalba ta Goma Sha Bakwai

Shekara ashirin Sufeto yana bin ɓarayi, bai taɓa jin an kawo ƙarar satar ruwa ba sai ranar. Ruwan ma na teku, wanda ko jaki ba zai sha ba.

Wata Dakta mai bincike ce ta tarbe shi a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, idonta ya yi jajur.

"Kwalba ɗaya ce, Sufeto, ta goma sha bakwai. Jiya jirginmu ya ɗebo ta daga tsakiyar teku. Akwai ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, ƙwayoyin gadonsu nake nazari. In ruwan ya ɗumama, aikina na shekara uku ya bi iska."

Ya duba ɗakin sanyi. Ba a fasa kwaɗo ba, ba a taɓa na'ura ko ɗaya ba.

"Wa ke da makulli?"

"Ni da Baba mai wanke kwalabe."

Aka kira Baba, dattijo ne da sabulu ya cinye wa hannuwa.

"Ka shiga ɗakin nan yau?"

"Ban shiga ba, ranka ya daɗe."

Ya faɗa ne yana kallon takalminsa. Ƙarya ba ta karɓi tsohon nan ba ko kaɗan.

Da aka ƙirga kaya, sai ga kula ɗaya da ƙanƙara su ma babu. Sufeto ya jinjina kai. Wannan ɓarawo ya damu kada ruwan ya lalace.

Ya nemi littafin jirgi, ya bi shafukan da yatsa. A daidai wurin da aka ɗebo kwalbar, an rubuta cewa bara wani ma'aikacin jirgi ya faɗa ruwa, ba a samu gawarsa ba.

"Ɗan waye?"

Dakta ta dafe baki. "Ɗan Baba ne."

Su uku suka tafi gidan tsohon. Matar Baba na zaune a tabarma, kular a gabanta, tana ƙara ƙanƙara a hankali kamar mai gyara wa jariri shimfiɗa.

"Ni na ɗauka," in ji Baba. "Ranka ya daɗe, kowa ya san inda nasa yake kwance, ban da mu. Na san aikin nan. A tace ruwa, a ɗauke abin da ya tsaya a matata, sauran a zuba a kwata. Ni nake zubarwa da hannuna. Wannan kam na kasa."

Tausayi ya kama Sufeto.

Dakta ta taɓa kwalbar, ta ji ta da sanyi ƙalau. Ta durƙusa gaban tsohuwar tana hawaye.

"Mama, ara mini shi na awa biyu. Abin da matata ta tare kaɗai nake so. Ruwan naki ne, ko ɗigo ba zai zuba ba. Sufeto, na janye ƙarar."

"A ofis ake janyewa," in ji Sufeto. "Baba, mu je ka sa hannu."

Bai ciro ankwa ba. Ƙofar gaba ta motarsa ya buɗe wa tsohon.

Dakta ta miƙa hannu za ta ɗauki kular, tsohuwar ta rungume ta, ta gyara mayafi, ta miƙe.

"Bari, 'yata, ni zan riƙe shi. Tun yana ƙarami ba ya son tafiya ba ni."